Muhawara: Sai da rufaffen ɗaki badminton za ta kafu a Zariya?

Koci, Samaru: Tun da 'yar Najeriya Mariam Eniola Bolaji ta ciyo tagulla a badminton a gasar nakasassu ta Paris a 2024 ake ta cewa badminton ta kusa zama wasan ƙasa. Ni ban yarda ba. Ƙwallon gashi nauyinta gram 5 ne, iska kaɗan ta kwashe ta. Wanda bai da rufaffen ɗaki mai dogon rufi wasan yara yake yi, ba horo ba.

Malamin wasanni, Tudun Wada: Koci, ka tsananta. Fili mita 13.40 ne a tsawo, 6.10 a faɗi, raga mita 1.55 a kan sanduna. Wace firamare ce a Zariya ba ta da wannan wurin? Yaro ɗan shekara tara riƙon raket da sawun ƙafa yake buƙata, kuma ana koyonsu a tsakar gida.

Koci: Malam, sawun ƙafa dai na yarda. Amma dogon bugu zuwa ƙarshen fili fa? Yaron da ya saba da iska ba ya sanin ƙarfin hannunsa. Ran da ya shiga ɗaki, bugunsa ya riƙa faɗuwa a tsakiya, abokin karawa ya yi ta sauke masa.

Alƙaliyar wasa, Sabon Gari: Ku biyun kun bar babbar matsala, wato ƙwallon kanta. Gashi 16 ne a jikinta, kuma bushewar hunturu na sa su karye tun ba a gama zagaye ɗaya na maki 21 ba. Dole a turara kwalin ƙwallayen da tururin ruwan zafi na ɗan lokaci, a rufe, a bar shi ya kwana. Ga zafin bazara da tudun Zariya suna ƙara mata gudu, don haka mai lambar gudu 77 takan wuce layi, sai a koma 76, wadda ba ta kai ta gudu ba. Wa zai riƙa sayen dozin bayan dozin?

Malami: Hajiya, ai ta roba na nan, tana daɗewa.

Alƙaliya: Tana daɗewa, amma ba ta saukowa a miƙe kamar ta gashi, kuma ba a manyan gasa da ita. A fara da ita shekara biyu, ba laifi. Bayan nan cutar yaro ne.

Malami: To ga shawara. Tun 2019 hukumar badminton ta duniya ta fito da AirBadminton, wato badminton ta waje, ƙwallonta mai jure iska ce. A yi ta a makarantu da sassafe kafin iska ta taso, a zaɓi goma mafi kyau, a nema musu awa huɗu a mako a ɗakin wasa na jami'a.

Koci: Awa huɗu ba ta fitar da irin su Anuoluwapo Opeyori, gwanin badminton na Najeriya, Malam. A ce sau uku a mako, awa bibbiyu, sannan a hana shiga da takalmin waje, don ƙurar da yake kwasowa ce ke sa zamewa da targaɗe.

Alƙaliya: A kashe fanka kuma lokacin wasa, komai zafi.