Muhawara: Lefkowitz magani ya ba mu ko bayani?

Alhaji mai kemis, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Jiya an ce a zauren nan babu wanda ya kai masanin kimiyya Robert Lefkowitz na Jami'ar Duke ta Amurka tasiri a harkar magunguna. Ni dai ban yarda ba. Propranolol da nake ba masu hawan jini, James Black ne ya samar da shi tun shekarun 1960, Lefkowitz kuwa sai 1968 ya fara nasa binciken. Me ya ƙara wa maras lafiyar da ke tsaye a gabana?

Malama daga jami'a: Wa alaikumus salam, Alhaji. Black ya ci Nobel ɗinsa na 1988 da guminsa, babu ja. Sai dai a kan hasashen masani Ahlquist na 1948 ya yi gini, cewa sinadarin jiki adirenalin yana da makarɓa iri biyu, alfa da beta, wato wuraren da ke karɓar saƙonsa a jikin ƙwayoyin halitta. Lokacin babu wanda ya riƙe makarɓin nan a hannu, har wasu masana na shakkar samuwarsa. Lefkowitz ya maƙala wa homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a jiki, aidin mai burbushin nukiliya, ya bi sawunsa har inda yake sauka a jikin ƙwayar halitta. A 1986 shi da Brian Kobilka suka gano ƙwayar gadon makarɓin beta-2, suka ga yana ratsa bangon ƙwaya sau 7, kamar wanda ke karɓar haske a ido. Ashe dangi ne guda, kusan 800 a jikin ɗan Adam, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na magungunan yau ta kansu suke aiki. Shi ya kai su ga Nobel na 2012.

Alhaji mai kemis: Kashi ɗaya cikin ukun nan, da yawansu sun riga shi shiga kasuwa, Malama. Kada a ba shi ladan gonar da ya tarar an nome.

Anti nas: Alhaji, ka zo ɗakinmu in hunturu ya kankama. Uwa za ta shigo da yaro, ƙirjinsa na ƙara, wuyansa na lotsawa duk numfashi, Ventolin, maganin asma na fesawa da ke aiki ta makarɓin beta-2, a ƙulle a bakin zaninta. Ta ce, "Sista, na fesa na fesa, ya daina ci." Wallahi abin yana taɓa ni. Ɗakin binciken Lefkowitz ne ya nuna yadda ƙwayar halitta ke toshe makarɓin da aka dame shi: wani sinadari ya yi masa alama, wani kuma mai suna beta-arestin ya zo ya rufe shi, har ya ja shi ciki.

Baba likita: Haka ne 'yata, amma a kula. Yawanci idan abin fesawa ya daina ci, kumburin hanyar iska ne ya tsananta, yaron na bukatar a duba shi a ƙara masa maganin kumburi. Inda na fi ganin amfanin bayanin shi ne yaranmu masu shan tiramol. Makarɓin da yake kamawa ɗan dangin nan ne, kuma wannan toshewar na daga cikin dalilan da ƙwaya ɗaya ke komawa biyu, biyu ta koma kati. Idan na zaunar da uba na fahimtar da shi haka, ya fi yarda ya kawo ɗansa asibiti maimakon duka.

Malama daga jami'a: Sabon magani ma akwai. Oliceridine na kashe zafin ciwo, da Amurka ta amince da shi a 2020, daga wannan binciken ya fito, ko da yake har yanzu masana na jayayya ko ya fi mofin aminci.

Alhaji mai kemis: To ga shi da bakinki, Malama. Maganar Baba ta tiramol na karɓa, don kullum ina korar masu nemansa ba takarda. Amma a wurina Black na gaba, har ranar da wannan sabon ya iso Katsina a farashin da talaka zai iya saya.