Taƙaitawar maganar ƙasar gona da kabon

Jama'a ga abin da na tsinto daga doguwar hirar da aka yi kan yadda ƙasar gona ke riƙe kabon, wato sinadarin da ruɓaɓɓen ganye da taki ke bari a cikin ƙasa.

1. An yarda ƙasar laka ta fi jigawa riƙe kabon, ita jigawa abin da ya ruɓe a cikinta da wuri yake ƙarewa. Masu noman rani a fadamar kogin Galma da ke Zariya suka ce ku damƙi ƙasar wajen ku gani, baƙa ce tana manne a hannu, ta tudu kuma ja-ja tana zubewa.

2. Ƙona gona kam kowa ya soke shi, kabon ɗin hayaƙi yake bi.

3. Inda aka bar gawo da ɗorawa ƙasar ƙarƙashinsu ta fi ƙarfi, musamman gawo da yake zubar da ganye da damina.

4. Nan aka rabu, wasu sun ce a bar karan dawa a gona ya ruɓe, wasu suka ce to dabbobi su ci me da rani, ga gara, ga masu danga. Ni dai ina tare da masu cewa a ciyar da shanun amma a mayar da takinsu cikin gonar.

5. Gwajin ƙasa an ce a nufi IAR Samaru, wato cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, Zariya.