Riƙe katako a kan injin CNC: abin da muka tattara

A zamanmu da masu ƙananan injinan CNC (injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) a Sakkwato, maganar riƙe katako ce ta cinye hirar. Yawanci sun ce a shimfiɗa allon MDF (allon garin katako da aka matse) a kan teburin injin, a ɗaure katakon aikin a kansa da sukuru nesa da hanyar bakin yanka, wato ƙarfen da ke juyawa yana yanka katakon. In katakon siriri ne, a manna salatif ɗin takarda a jikinsa da jikin allon, a haɗe bayansu da sufagulu. Wannan ta fi kwanta mini, amma sai an goge ƙurar hunturu tas, don salatif kan saki ana tsakiyar yanka, zafin Afrilu ma yana sassauta shi. Wani kafinta ya ce a bar 'yan gadoji a gefe, wato ƙananan wuraren da ba a yanke ba masu haɗe yankakken da sauran katakon, kada yankakken ya yi tsalle ya karya bakin.