sqlacodegen yana mutuwa tun kafin ya fitar da komai, wa ya taɓa cin karo da wannan?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. An damƙa mini wani tsohon rumbun bayanai na PostgreSQL mai tebura rututu, sai na ce bari sqlacodegen ya rubuta mini kilas-kilas (class) ɗin SQLAlchemy, wato laburaren Python na magana da rumbun bayanai, in huta da bugawa da hannu. Ko rumbun bai kai ga taɓawa ba ya faɗi:
`ImportError: cannot import name 'ArgSpec' from 'inspect'`
Python 3.11 gare ni, sqlacodegen 2.3.0.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, rumbunka lafiyarsa ƙalau, kar ka taɓa shi. A Python 3.11 aka cire ArgSpec, shi kuwa 2.3.0 ya girme shi, har yanzu nemansa yake. Da ya yi mini haka, venv (keɓaɓɓen muhallin Python) na buɗe daban da Python 3.10 da SQLAlchemy 1.4, na fitar da models.py, na kwashe shi zuwa aikina. Ai ba dole ba ne sqlacodegen ya zauna wuri ɗaya da manhajarka.

Yar Damagaram: Nawa a 3.12 ne, kukan pkg_resources ya fara yi, don venv ta daina zuwa da setuptools, kunshin da pkg_resources ke ciki. Na saka, ina murna, sai ga ArgSpec ɗin nan ya leƙo. Nan na haƙura da faci, na koma sqlacodegen 3, wanda ke tafiya da SQLAlchemy 2.0. Ni dai a ganina ya fi komawa tsohon Python, Yaya, tunda lambar da zai ba ka ta sabon salo ce, ba sai ka sake gyara ta ba.

Tsohon hannu: Ku duba adireshin haɗi ma. Nawa `postgres://` ne da na kwafo daga tsohon saiti, alhali tun SQLAlchemy 1.4 sai `postgresql://`. Kuma in akwai @ a kalmar sirri, a rubuta %40, in ba haka ba zai ɗauki ragowar a matsayin sunan saba (server).

Sabon shiga: Allah ya saka da alheri, na 3 ya yi aiki. Sai dai wasu teburan `Table` kawai ya fitar, babu kilas.

Tsohon hannu: Wannan ba faɗuwa ba ce, ƙanena. Teburan ba su da babban makulli (primary key) ne, SQLAlchemy kuma ba ya gina kilas sai ya san abin da ke bambanta layi da layi. Buga `\d` da sunan teburin a psql, manhajar ba PostgreSQL umarni, ka turo mu gani.