Mece ce Hausar “defoliant”? Mu tambayi gonar roba

Jama'a, ina neman Hausar “defoliant”, wato sinadarin da ake fesa wa shuka don ganyenta ya zube. Kafin kowa ya kawo tasa, mu fara duba aikin da abin yake yi.

Itacen roba, wanda asalinsa dajin Amazon ne, yakan zubar da ganyensa da kansa sau ɗaya a shekara, da rani, sannan ya yi sabon toho. Tohon nan ja-ja ne, ga laushi, kuma shi fumfuna ke so. Wata fumfuna mai suna Oidium takan bi shi da farin gari, wata kuwa mai suna Colletotrichum ta sa masa baƙin tabo idan ruwa ya sauka. Sai ganyen ya yamutse ya faɗi, a bar tsinken a jikin reshe. Itace ya sake wahalar toho, ruwan roba ya ragu.

Dabarar da aka yi a Maleshiya, daga baya kuma a Kamaru da Gabon, ita ce a riga cutar. Jirgin sama ya yi feshi, tsohon ganye ya zube gaba ɗaya da wuri, sabo ya fito ya ƙosa tun ana rani, kafin damina ta kankama. A Gabon da ethephon aka yi, sinadarin da ake shafa wa itacen don ya ƙara zubar da ruwan roba.

Ke nan “maganin ciyawa” bai dace ba, domin ba a son itacen ya mutu. “Maganin fumfuna” ma haka, tunda ba ita ake fesa wa ba.

Wani zai ce “maganin zubar ganye”. Nan nake jin tsoro. Manomi ya saba da maganin ƙwari da maganin ɓera, wato abin da ke kawar da su. Zai ɗauka wannan hana zubar ganye yake yi, ya fesa wa mangwaronsa. Hasara ce babba a kan kalma ɗaya.

Ni dai na tsaya a kan “kakkaɓe-ganye”, ginin su share-fage da ci-rani. Kakkaɓewa aiki ne na ganganci, kuma abin da aka kakkaɓe yana nan da ransa. Za ta yi wa auduga ma, inda ake irin wannan feshi kafin a sa inji ya cire ta.

Malaman gona, ku gwada: “An yi wa gonar feshin kakkaɓe-ganye.” Ya zauna a kunnenku?