Tunkuɗa da sanduna biyu a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara: daga ina ƙarfin yake fitowa?

Habibu, Agege:
Assalamu alaikum. Tun da Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta hunturu a Bejin a 2022 nake bibiyar tseren zamiya na dogon zango, kuma akwai salon da ya ɗaure mini kai, wato wanda ɗan tsere yake jera katakan ƙafarsa biyu, ya kafa sandunansa a lokaci guda, ya tunkuɗa kansa gaba ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. A wurin motsa jikin da nake zuwa akwai na'urar SkiErg mai kwaikwayon wannan motsi, amma dantsena kan mutu kafin numfashina ya fara sama. Ta yaya mutum zai yi kilomita 90 da ƙarfin hannu kawai?

Malam Isa, Surulere:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ai ba da hannu kawai ake yinsa ba, ko da yake ido haka yake gani. Binciken da Hans-Christer Holmberg da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 kan gwanayen 'yan tsere ya nuna cewa tsokoki bi da bi suke kama aiki: na ciki da masu lanƙwasa ƙugu ne suke farawa, sai manyan tsokokin baya da na ƙirji da suke janyo kafaɗa ƙasa, sannan tsokar bayan dantse ta zo daga ƙarshe ta miƙar da gwiwar hannu. Kafin ya kafa sanda, gwani yakan miƙe, ya tura ƙugunsa gaba har diddigensa ya bar katako, ta yadda da babu sandunan da ya kifa da fuska. Daga nan sai ya sakar musu nauyin jikinsa gaba ɗaya. Dubi mai dakan sakwara a buka: taɓarya da nauyin gangar jikinta take sauka, hannu riƙo kawai yake yi.

Gwiwar hannu a lanƙwashe take lokacin da tsinin sanda ya taɓa ƙanƙara, tana ƙara lanƙwashewa kaɗan, sannan ta buɗe da sauri, domin tsokar da aka ɗan miƙar kafin ta tsuke ta fi ba da ƙarfi. Idan gudu ya yi gudu, duk wannan ba ya kai sulusin daƙiƙa, saboda haka wanda ya yi jinkirin dannawa sandar ta riga ta wuce shi. Ina kyautata zaton da miƙaƙƙen hannu kake ja, cikinka kuma a sake.

Hajiya Rabi, Obalende:
Malam Isa ya yi bayani, sai dai bai ba ƙafafu haƙƙinsu ba. Nauyin da ake sakar wa sanduna, wa yake ɗaga shi a kowane zagaye? Cinya da ƙwauri ne. An gwada ɗaure wa 'yan tsere gwiwa da idon sawu don kada su lanƙwashe, sai suka gaji da wuri fiye da lokacin da aka bar su a sake.

Kilomita 90 da ka ambata tseren Vasaloppet ne na ƙasar Suwidin, daga Sälen zuwa Mora, wanda aka fara a 1922. A 2013 Jørgen Aukland na Norwe ya lashe shi ba tare da ya shafa wa katakansa kakin da ke riƙe ƙanƙara ba, domin kakin yana taimakon mai takawa a hawa, amma yana rage santsi a sauran hanyar.

Habibu, Agege:
Na gode, Hajiya. To, tsawon sanda fa, yana da tasiri?

Malam Isa, Surulere:
Yana da shi, har ya jawo doka. Doguwar sanda tana barin mutum ya fi miƙewa, jikinsa bai cika hawa da sauka ba, don haka iskar da yake buƙata a gudu iri ɗaya takan ragu, musamman a hawa. Da FIS, hukumar wasannin zamiya kan dusar ƙanƙara ta duniya, ta ga salon tunkuɗa yana neman shafe takun gargajiya, wato zamiya ƙafa bayan ƙafa kamar mai tafiya, sai a 2016 ta ƙayyade cewa a tseren gargajiya sanda ba za ta wuce kashi 83 cikin ɗari na tsawon ɗan tsere ba, kuma da takalminsa ake auna shi. Mai santimita 180 ke nan ba zai kai sanda mai santimita 150 ba. An kuma ware wasu hawa a wasu gasanni inda aka haramta tunkuɗar, dole sai an taka. A ganina wannan ta biyun ta fi ta tsawon sanda amfani, tunda masu ƙarfin ciki da baya sun ci gaba da tunkuɗawa da gajerun sandunan.