Cikin fari gare ni, na tara kaya amma ban san ta inda zan fara ba

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a sakaya sunana. Cikin fari gare ni, yau sati 25 bisa lissafin katin awo. Laulayi ya sake ni tun a wata na huɗu, motsi ma alhamdulillahi, wani lokacin har sai in ga rigata tana rawa. Abin da ya hana ni sakat shi ne shiri. Ina da ɗan littafin da nake rubuta kayan da zan saya, na cika shafi huɗu, kuma duk wadda na haɗu da ita sai ta ƙara min abu biyu. Jiya da daddare ina ninke waɗanda na riga na saya, na ɗago wata 'yar safa da ba ta kai tsawon yatsana ba, sai kawai hawaye. Na tara kaya amma ko riƙon jariri ban iya ba, ni ce auta a gidanmu. Mahaifiyata tana nesa, maigida kuma yana bakin ƙoƙarinsa amma shi ma ɗan koyo ne. Me ya zama dole in tanada? Yaushe ake haɗa jakar asibiti? Ta yaya zan gane naƙuda ta zo?

Uwar Tagwaye:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Shafi huɗu? Ni da na haifi biyu rigis ban yi amfani da abin da ya cika shafi ɗaya ba. Sabon jariri ba abin da ya sani sai tsotso da barci da ɓata ƙunzugu. Ki samu riguna masu laushi shida zuwa takwas, waɗanda ake ɓallewa ta gaba, don zura wa jariri riga ta ka sai wanda ya gwada. Hula biyu, safa, shawul, tawul mai taushi, ƙunzugu da yawa. Kada ki cika sayen 'yan mitsi-mitsin nan, kafin ki ankara ya fi ƙarfinsu. Akwai takalma ƙafa biyu da na saya don sun ba ni sha'awa, har yau suna cikin ledarsu, yaran kuwa suna aji uku. Ina jariri za shi da takalmi?

Ki kuma lura, masu ƙara miki jeri duk kayan yaro suke lissafawa, ba mai tunawa da ke. Audugar mata manya-manya fakiti biyu ko uku, don jini kan yi makonni yana zuwa bayan haihuwa, da rigunan da za ki iya ba da nono a cikinsu ba tare da kin tuɓe ba.

Anti Ungozoma:

'Yata, na daɗe ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin wadda ta shiga matsala don ta manta safa ba. Waɗanda suke tayar mana da hankali su ne masu zuwa a makare. Don haka ajiye littafin nan tukuna, ɗauko katin awonki.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8, kuma biyar daga ciki a watanni ukun ƙarshe suke, wato inda kika dosa yanzu. Mata da yawa a nan suke sakaci: laulayi ya wuce, jiki ya yi daɗi, ciki ya yi nauyi, sai a fara tsallake ranar awo. Alhali hawan jinin masu ciki bayan sati 20 yake kunno kai, ya fi kama masu cikin fari, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai sai ya yi nisa. Duk ranar da aka ɗaura miki abin gwajin nan a dantse, ki tambayi lambar, ki ga an rubuta. Idan ta kai 140 bisa 90, ko aka ga furotin a fitsari, ba maganar "sai wani awon" ba ce.

Ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, ko da ta sa bayan gida ya yi baƙi, haka aikinta yake. Kowace mace tana zubar da jini a haihuwa, amma wadda ta shiga ɗakin da ƙarancin jini, ɗan abin da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita. Allurar tetanus, idan ba ki taɓa yi ba, biyu ce, tsakaninsu sati huɗu, ta biyun a yi ta aƙalla sati biyu kafin haihuwa. Tsakanin sati 24 da 28 ake gwajin sikarin masu ciki, ki tambaya ko kina cikin waɗanda ya kamata a yi wa. Daga sati 28 ki saba kwanciya ta gefe, ki bar rigingine.

Abubuwan da ba a kwana da su a gida: jini, komai ƙanƙantarsa; ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi; kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, irin wanda zobe zai ƙi fita; zazzaɓi; ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa; zubar ruwa kafin lokaci; jijjiga; da raguwar motsi. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau. Za ki ji ana cewa in haihuwa ta kusa yaro yakan rage motsi don wuri ya yi masa kaɗan. Salon motsin ne ke canzawa, daga harbi ya koma juyi da miƙa, amma ba ya dainawa. Ke kika san lokutan da naki yake wasa. Ranar da kika ji shiru ba kamar kullum ba, ki tafi a ranar.

Sai tambayoyi huɗu da nake so ku zauna da maigidanki ku amsa a wannan satin. A ina za ki haihu, kuma suna aiki da dare, suna iya tiyata da ƙarin jini idan ta kama? Wa zai kai ki idan abin ya taso ƙarfe biyun dare, wa zai maye gurbinsa idan ba ya nan? Wa zai tsaya tare da ke? Wa zai ba da jini in an buƙata? Ku ware kuɗin ko-ta-kwana daban, waɗanda ba a taɓa su don sayen baho mai hoton agwagwa.

Jaka kuwa ta zama a haɗe a sati 36, katin awo a samanta. Ana lissafa ciki sati 40 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, amma daga sati 37 ya isa haihuwa, kuma kusan ɗaya cikin ashirin ne kawai ke zuwa a ainihin ranar da aka rubuta.

Maman Yara:

Haba Anti! Yarinya ta zo da kukan safa, kin jero mata jijjiga da zubar jini. Yau ina za ta ga barci? Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, mu nan biyar muka haifa lafiya lau.

Anti Ungozoma:

Gaskiyarki Maman Yara, mafi yawan mata lafiya suke sauka, ita ma in Allah ya yarda haka za ta yi. Amma ai tsoron ya riga ya same ta, ba ni na kawo shi ba. Wadda ba ta san alamun ba, kowane ɗan murɗawar ciki sai gabanta ya faɗi. Wadda ta san takwas ɗin nan, sauran ƙwannafi da ciwon baya da yawan fitsari sai ta yi musu tsaki ta juya ta yi barcinta.

Mai 'Ya'ya Uku:

Bari in amsa tambayarki ta uku, ta gane naƙuda, don a kanta na sha kunya. A cikina na fari sau biyu muna kwasar jaka cikin dare ana dawo da mu. Ciki ne zai ɗaure ya yi tauri kamar an hura ƙwallo, in ce shi ke nan, muna isa ya saki. Naƙudar ƙarya ke nan: ba ta da tsari, ba ta ƙaruwa, in kin tashi kin taka ko kin gyara kwanciya sai ta lafa. Ta gaske ba ruwanta da gyara kwanciya. Ni daga ƙugu ta fara min, ta zagayo mara, tana zuwa tana tafiya, kowane zuwa ya fi na baya ƙarfi, tazarar tana raguwa. Ki duba agogo: idan tana zuwa duk minti biyar, kowace tana kai kamar minti ɗaya, aka yi awa guda a haka, ku kama hanya. In asibitin da nisa kada ku jira ta kai nan. Za ki iya ganin wata majina mai ɗan jini-jini, wannan alama ce bakin mahaifa ya fara shiri, ba lalle a ranar ba. Amma idan faya ta fashe, ko babu ciwo ki tafi, ki kuma duba kalar ruwan; in kore ne ko ruwan ƙasa, shi za ki fara faɗa musu.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne tsawonta. Sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10, ni kuwa bayan wahalar yini guda nas ta duba ta ce uku. Na ce mata ta sake dubawa! Farkon ne mai jan rai, yakan ci yini ko fiye a haihuwar fari, daga biyar zuwa sama abin ya fi sauri. Ki yi ta takawa in kina iyawa, ki sha ruwa, ki ja numfashi a hankali, kada ki yi yunƙuri sai an ce ki yi. In kuma likita ya ce sai tiyata, ba gazawa kika yi ba, ƙanwata haka aka ciro nata, ga shi nan yana hana mu sakat.

Wani Magidanci:

A yi min afuwa na shigo maganar mata. 'Yar'uwa, ki nuna wa maigidanki wannan. Ya raka ki awo ko sau ɗaya, ya san ƙofar da ake shiga da dare, don sau da yawa ba ita ce ta rana ba. Ni a daren da matata ta fara naƙuda na ɓata minti ashirin ina zagaya gini ina bubbuga ƙofar da aka kulle, ita tana durƙushe a bayan mota. Daga sati 36 waya da caji, abin hawa a shirye, tafiya mai nisa a ɗage ta.

Yaya Babba:

Kowa yana shirin ranar haihuwa, ba mai shirin washegari. Ki ce a ɗora miki shi a ƙirji da zarar ya fito, fata da fata, a sa shi a nono cikin awar farko. Ruwan farko mai kauri rawaya-rawaya, dakashi, kaɗan ne kuma ya ishe shi, cikinsa ɗan mitsitsi ne, kuma shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Nono sosai sai kwana na biyu zuwa na huɗu yake kawowa, kada kowa ya ruɗe ki da cewa ba ki da shi. Zai nemi tsotso sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana, kuma wata shida nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata. Ki tabbata ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon. In kan kawai ya kama, tsagewa za ki yi, ki riƙa jin kukansa gabanki na faɗuwa. Kafin a sallame ki, ki sa ungozoma ta tsaya a kanki ta gyara miki kamun.

Zai ɗan rame a kwanakin farko, zuwa sati biyu ya mayar. Cibiya a bar ta a bushe da tsabta, kada a shafa mata komai sai abin da asibiti suka bayar, da kanta za ta faɗi cikin sati ɗaya zuwa biyu. Barci a rigingine, kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, ba tarin bargo. Kuma tunda shawara kika zo nema, ga wadda ba a so: in kin ga idonsa ko fatarsa sun yi rawaya, musamman a ranar farko, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, a koma asibiti.

Ke ma za ki iya tsintar kanki kina kuka ba dalili a kwana na uku ko na huɗu, yakan wuce. Idan ya zarce sati biyu, ko kika ji ba kya son komai, ki faɗa wa likita. Tun yanzu ki nemi wadda za ta zauna da ke satin farko, mai aiki, ba mai zuwa a yi mata hidima ba. Riƙon jariri kuwa, tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin kai da wuya, ɗayan a mazaunai. Kwana biyu za ki ga kina yi da hannu ɗaya kina amsa waya.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na ɗauko katin kamar yadda kika ce. Gwajin hawan jini na ƙarshe 110 bisa 70. Amma a wajen rukunin jini an rubuta O da 'yar alamar ɗebewa a gefe, ban taɓa kula ba. Wani abu ne?

Anti Ungozoma:

Kin ga amfanin buɗe kati. Lambar farko lafiya lau. Alamar ɗebewar tana nufin jininki nagetif ne. Ba ciwo ba ne, amma idan na jaririn fozitif ne, jikinki zai iya ɗaukar jininsa a matsayin baƙo ya haɗa masa makami, kuma yawanci ba wannan cikin abin ke taɓawa ba, na gaba ne. Akwai allurar anti-D, mai hana jiki haɗa wannan makamin, da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne, wasu asibitocin kuma suna yin ɗaya tun a wajen sati 28. Saura miki sati uku ke nan, ki tayar da maganar a awo mai zuwa, a gwada jinin maigidanki, ki tambaya ko suna ajiye allurar ko sai an nemo. Mai ba ki jini ma dole ya zama O nagetif irinki, kuma ba su da yawa, don haka a fara cigiya cikin dangi tun yanzu.

Mai neman shawara:

To Anti. Awona ranar Talata ne, maigida ya ce zai ɗauki izini a wurin aiki mu tafi tare a gwada shi. Na kira yayata, ta ce ita ma tana jin nata nagetif ne, za ta duba ta gaya min. Littafin kuma na yage shafi uku, na rubuta tambayoyi huɗun nan a bayan wanda ya rage. Yaya Uwar Tagwaye, takalman dai na riga na saya tun wata na uku.